Aikin gona a bakin abinci da makwanci: zamana a wata gonar koko a Togo

Sharaɗin ba shi da wuyar ganewa. Kai za ka biya kuɗin motarka har bakin gonar, ka yi aikin awa huɗu zuwa shida a rana, shi kuma mai gona ya ciyar da kai, ya ba ka wurin kwana, ya bar ka ka ga yadda yake noma ba takin zamani ba maganin feshi na kanti. Ko kwabo ba ya shiga tsakaninku. Ƙungiyar da ta fi suna wajen haɗa irin wannan zama ita ce WWOOF. Wata sakatariya a Landan mai suna Sue Coppard ce ta faro ta a 1971, lokacin da take neman inda za ta riƙa zuwa ƙauye a ƙarshen mako ta taɓa ƙasa da hannunta. Daga wata gona a yankin Sussex abin ya tashi, yau ga shi a ƙasashe fiye da ɗari.

Mu albasa muke nomawa a fadamar Rima, wajen Kware, tun kaka da kakanni. Abin da ya tunzura ni kuɗin taki ne. Buhun NPK da yuriya kullum sama suke yi, ƙasar kuma kowace shekara sai ta nemi ƙari kafin ta ba da abin da ta bayar bara. Na sha jin masu lacca suna cewa a koma takin gargajiya, amma ban taɓa ganin wanda yake ci da iyalinsa da wannan noman ba. Shi nake son gani, ba a bidiyo ba.

Da na gaya wa Baba, sai da ya ajiye carbinsa. "Wagga wace irin tahiya ta? Ka bar gonar ubanka ka tai ka yi ma wani ƙato noma kyauta?" Na ce, "Baba, koyo za ni yi." Ya ce in dai zan dawo kafin dashe, in tafi, Allah shi kiyaye hanya. Inna kuwa tambayarta ɗaya ce, wa zai yanka mini abin da zan ci.

Abokaina da suka ji labari, duk tunaninsu ya tafi Turai. Gara in faɗa tun yanzu, wannan ba hanyar tsallakewa ba ce. WWOOF ba ta nema wa kowa biza, kuma ƙasashe da yawa suna lissafa aiki a bakin abinci da makwanci a matsayin aiki sosai, wanda bizar yawon buɗe ido ba ta halatta ba. Mai koren fasfo da ya je ofishin jakadanci ya ce noma kyauta za shi yi a Faransa, ya san amsar da zai samu. Amma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba biza. Shi ya sa na duba maƙwabta, na tsaya a kan Togo.

Rajistar a intanet ake yi. Ana biyan kuɗin shekara, sannan a buɗe maka jerin gonaki da bayanin kowacce: me suke nomawa, ina ake kwana, wane harshe ake ji, da abin da waɗanda suka riga ka zuwa suka rubuta. Katina na naira ya ƙi biya, sai wani ɗan'uwa da ke da katin dala ya biya mini na ba shi naira. Na tura wa gonaki da dama saƙo da ɗan Faransancin da na tsinta wajen 'yan kasuwar Ƙonni, waya tana gyara mini sauran. Wasu ba su amsa ba. Wanda ya amsa da kyau wani dattijo ne mai gonar koko da lambu a wani ƙauye kusa da Kpalimé. Tun a saƙon farko na bayyana masa cewa ni Musulmi ne, ina salla biyar, ranar Juma'a zan tafi masallaci, ba na cin alade ba na shan giya. Na kuma tambaye shi awa nawa ake aiki, wace rana ake hutu, akwai gidan sauro, ina asibiti mafi kusa. Waɗannan tambayoyin su suka cece ni daga baya, don duk abin da aka rubuta ba a musu a kansa.

Takardu ba su da yawa: fasfo da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Daga Sakkwato na bi doguwar mota ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Jebba, Ilori har Legas. Daga nan Seme, Kwatano, iyakar Hillacondji, sai Lome. A hanya akwai shingaye, akwai masu miƙo hannu ko da takardunka sun cika cif, don haka ka tanadi canji da haƙuri. Naira na canza ta zuwa sefa wajen 'yan canji, kuma da Hausa muka yi cinikin. Tsakanin iyaka da Lome mun wuce Kpémé, inda wata doguwar gada ta shiga cikin teku ana loda wa jiragen ruwa fosfet, dutsen da ake haɗa takin zamani da shi, wanda ake haƙowa a Hahotoé. Na kalle ta kawai na wuce, sai daga baya ta dawo mini a rai. Daga Lome zuwa Kpalimé kimanin kilomita 120 ne, kana tafe kana hango dutsen Agou, wanda ya fi kowane tsayi a ƙasar. Agogon Togo yana bayan namu da awa ɗaya, sai mutum ya gyara wayarsa saboda lokutan salla.

Idon Basakkwace sai ya yi kwanaki kafin ya saba da irin wannan kore. A wajensu damina biyu ce, ta farko daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ta biyu Satumba da Oktoba, kuma ruwan da suke samu a shekara ya ninka namu. Gonar ba ta yi kama da gona ba a ganina na farko. Manyan itatuwa a sama, ayaba da gwanda a tsakiya, koko a ƙarƙashinsu cikin inuwa, gwaza da rogo a gefe, ganye ya rufe ƙasa har ba ka ganin turɓaya. Da a Kware ne, da an ce mai gonar rago ne. Na ɗauki manjagara zan share, dattijon ya riƙe hannuna. Kowa Papa yake ce masa, ni ma na bi sahu. Ya tona ganyen da yatsa ya nuna mini ƙasar da ke ƙasa: baƙa, mai laima, tsutsotsi na yawo. Ya ce wannan ganyen shi ne buhun takinsa.

Ana fita da sassafe, a tashi kafin rana ta take. Mu uku ne baƙi, ni da wata Bafaranshiya mai karatun aikin jinya da wani saurayi Bajamushe da ya gama sakandare yana yawon ganin duniya. Da yamma wani lokaci a yi ban-ruwan lambu, shi ke nan.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalina haɗa taki ne, kuma a nan na fi daɗewa ina tambaya. A inuwa ake yinsa. A fara shimfiɗa ƙananan itace a ƙasa don iska ta sami hanya. A zuba busasshen ganye da ɓawon koko da aka sassare kamar kaurin taƙi ɗaya, a bi da ɗanyar ciyawa da ganyen wake, a bi da kashin awaki da na kaji, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa. A sake maimaitawa haka har tulin ya kai ƙirjin mutum, a rufe da ganyen ayaba. Ma'aunin ruwan a hannu yake: ka damƙi takin ka matse, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito daidai ne, in ya zubo ya yi yawa zai yi wari, in ya warwatse ya yi kaɗan ba zai dahu ba. Papa yana soka wani rodi har tsakiyar tulin. Bayan 'yan kwanaki ya zaro ya ce in riƙe, na saki da sauri. Zafin cikin yakan kai digiri 55 zuwa 65, kuma shi ne yake kashe 'ya'yan ciyawa da yawancin cututtuka. Idan rodin ya fara sanyi sai a juya tulin, na waje ya koma ciki. Wannan juyin shi ne wahalar, kafaɗa takan gaya maka da dare. Cikin wata biyu zuwa uku abin ya zama baƙar ƙasa mai laushi, ƙamshinta kamar na ruwan fari.

A nan na ga bambancinsa da abin da muke yi. Mu ma ai muna kai taki gona. Amma yaya? A kwashe turke da juji a amalanke, a jibge tsibi-tsibi a fili tun bazara, rana ta gasa shi wata da watanni, ƙarfinsa ya bi iska. 'Ya'yan ciyawar da ke cikin kashin dabba suna nan da ransu, ga leda ga tsohon batir duk a ciki. Don haka masu cewa noman da ba sinadari ai shi ne na kakanninmu, rabin gaskiya suka faɗa. Kayan haɗin ɗaya ne, aikin ba ɗaya ba ne.

Maganin ƙwarin lambu kuwa dogon yaro ne, itacen da ya cika titunan Sakkwato muna take 'ya'yansa da takalmi. A busar da ƙwallon a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar, a daka, a ƙulle a tsumma a jiƙa a ruwa ya kwana. Kimanin giram 50 a lita ɗaya Papa yake sawa, da ɗan sabulu don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ba a ajiye shi, ranar da aka tace ranar ake amfani da shi. Ba ya kashe ƙwaro nan take yadda muka saba gani. Hana shi ci yake yi, ya hana shi girma, don haka sai an fara da wuri an kuma maimaita. Wanda ya jira sai tsutsa ta cinye kabeji sannan ya ɗauko dogon yaro zai ce ƙarya ne.

Koko ya fara nuna ina can. Akwai wata cuta da ke baƙanta ƙwallon lokacin ruwa, maganinta a wannan gonar ƙafa ce da ido: a bi itace ɗaya bayan ɗaya, a cire duk wanda ya kamu, a kai nesa a binne. Waɗanda suka nuna a tsinko, a fasa da kulki don kada adda ta yanki ƙwayar, a tara 'ya'yan da farin majinarsu mai zaƙi a lulluɓe da ganyen ayaba kwana biyar zuwa bakwai ana juyawa, sannan a shanya a rana. Ban taɓa sanin sai an ruɓar da koko haka yake samun ɗanɗanonsa ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne littafi. Papa yana da wani babban littafin rajista da yake ajiyewa cikin leda. Duk abin da ya shiga gonar da duk abin da ya fita yana ciki: ranar da aka zuba taki, daga ina kashin kajin ya zo, kilo nawa aka tsinka. Ta hannun ƙungiyarsu ta manoma yake da takardar shaidar noman da ba sinadari, wanda su suke ce wa biyo, kuma mai bincike yana iya faɗowa ba sanarwa. A ƙa'idar Tarayyar Turai, gonar itatuwa irin koko sai ta shekara uku ba a zuba mata sinadari ba kafin a karɓi amfaninta da wannan sunan, gonar hatsi da kayan lambu shekara biyu. Tsakaninsa da maƙwabcinsa mai feshi akwai tazara da shingen itatuwa, buhunansa ma daban suke. Duk wannan ɗawainiyar yana yin ta ne don akwai mai saye a Turai da yake ƙara masa kuɗi a kan kowane kilo. Togo tana cikin ƙasashen Afirka da ke kan gaba wajen tura irin wannan amfanin gona Turai, musamman waken suya. Mu kuwa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin dichlorvos da aka samu a ciki, wanda muke zuba wa buhu don gudun ƙwari, mu kuma ci abinmu.

Batun abinci bai yi wuya yadda Inna ta ji tsoro ba. Sakwarar doya, tuwon masara da suke ce wa akume, miyar ganye da manja, kifi busasshe. Akwai aladu a bayan gida, amma tun da mun yi magana ba a taɓa tura ni wajensu ba, uwar gidan kuma ta ware mini tukunya. Ranar da za a ci kaza ni ake miƙa wa wuƙa, kowa ya ci. Da dare sukan zauna da giyarsu ta sodabi, ni da shayina. Ranar Juma'a nakan hau babur zuwa zangon Kpalimé, unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi. Ana idar da salla wani dattijo ya ji gaisuwata ya juyo: "Kai yaro, Basakkwace ne?" Kakansa fataucin goro ya kawo shi. Ya ja ni gidansa aka ba ni fura. A kasuwar garin na tsaya gaban tulin albasa mai ruwan hoda irin ta Galmi, na tambayi kuɗin ƙwaya uku, na yi lissafin abin da dillali yake ba mu a buhu, raina ya ɓaci har na koma gona.

Akwai abin da ya so ya ɓata zaman. Turawan nan biyu ba su iya riƙe fartanya ba, rabin awa hannunsu ya yi kanta. Ni kuwa aikina ne tun ina yaro. Sannu a hankali sai ya zama su ana ba su tsinkar ganye da ɗaukar hoto, ni ana nuna mini kunya bayan kunya, har wani maƙwabci ya fara aro na. Wata rana bayan cin abinci na sami Papa shi kaɗai, na buɗe masa saƙonmu na farko a waya. Na ce, "Papa, ƙwadago ina da shi a gida, har biyana ake yi. Nan koyo na zo." Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce gaskiyata. Daga ranar aka koma awa biyar, kuma duk inda za shi sai ya kira ni, har taron ƙungiyarsu. Ba mugun mutum ba ne, manomi ne da ya ga hannu mai ƙarfi a lokacin da aiki ya yi masa yawa. Amma wanda ya yi kawaici irin namu ya ƙi magana, zai gama zamansa ɗan ƙwadagon da ba a biya.

Papa ne ya tuna mini da gadar Kpémé. Ya ce garin dutsen fosfet, muddin ba a sarrafa shi da asid ba, ƙa'idar biyo ta yarda da shi, kuma in an barbaɗa shi cikin tulin taki ya fi narkewa. Na ce masa ai mu ma muna da wannan dutsen a ƙasar Dange da Shuni. Ya tambaye ni ko manomanmu suna amfani da shi. Na ce a buhu muke sayen namu.

Na dawo kafin dashe yadda na yi alkawari, da niyyar in kwaikwayi abin da na gani. Nan take na ci karo da abin da Papa bai taɓa fama da shi ba: me zan zuba a tulin? Shi ganye yana zubo masa daga sama kyauta. A wajenmu kara yana da mai shi, na danni ne da na girki da na dabba. Harawa kuɗi ce. Kashin shanu ma saye ake yi, ka yi sakaci wani ya riga ka. Sai na koma ga abin da ake zubarwa: buntun shinkafa daga injin casa, ganyen dogon yaro da ake sharewa a banka wa wuta, ganyen albasa da ruɓaɓɓun da ake watsarwa, kashin awakin gida, da abin cikin tumbi daga mahauta. Tuli a fili kuma bai yi ba, iskar hunturu ta busar da shi cikin 'yan kwanaki. Rami na gina a gindin gawo kusa da rijiya, na rufe da tsohuwar tabarma, a nan ne rodin ya yi zafi. Wannan ya fi kusa da dabarar tassa ta mutanen Tawa a Nijar da dabarar zai ta Burkina Faso, wadda marigayi Yacouba Sawadogo ya yi suna da ita: a ƙasar da ruwa da taki suka yi ƙaranci, a rami ake tara su ba a baza su a fili ba.

Baba ya yanka mini 'yan fangaloli a gefen lambu ya ce in yi wasana a nan. Takin ramin kaɗai na sa musu, na riƙa fesa dogon yaro tun albasar tana ƙarama saboda ƙananan ƙwarin nan da ke tsotse ganye. Ƙasar ta fi riƙe ruwa, har na riƙa tsallake ban-ruwa, a wannan tsadar fetur ba ƙaramin abu ba ne. Amma albasar ba ta kai ta Baba girma ba, buhunan ma ba su kai ba. A kasuwar Ramin Kura ta Sakkwato kuwa babu dillalin da zai tambaye ka da me ka noma, girma yake dubawa da cikar buhu. Wanda ke ƙara wa Papa kuɗi babu irinsa a kasuwarmu, don haka ban ce wa kowa ya jefar da NPK ba, mu ma ba mu jefar ba. Abin da muka yi shi ne rage yuriya a inda takin ramin ya isa.

Sauran gwajin yana cikin rudu, inda muke ajiye albasa. An san yuriya in ta yi yawa takan ba albasa ƙaton wuya da ruwa, ta yi saurin ruɓewa a ajiya. Tawa ƙanana ce amma wuyanta siriri, ɓawonta a bushe. Na ware ta gefe guda na ɗaura mata jan ƙyalle, ta Baba a ɗaya gefen, duk mako ina shiga in tsince ruɓaɓɓu in rubuta adadin kowane ɓangare a littafi. Kuɗin albasa da damina yake tashi, kuma wadda ta kai lokacin da rai ita za mu sayar.